TARIHIN SUNAYEN NOTI DA DANGINSA, DAGA JAPANANCI ZUWA HAUSAR ADAR DA ƘWANNI

1. Gabatarwa

Tun lokacin da aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a Nijar, cikin 1963, masu rubuta littattafan karatun manya suke fama da tambaya guda: wane suna za a ba kayan aikin da suka zo daga waje? An fi yin wannan muhawara a kan kalmomin mulki, da na kiwon lafiya, da na lissafi. Ƙananan ƙarafan da ke riƙe da garma da amalanke da injin ban-ruwa, wato noti da danginsa, ba su sami irin wannan kulawa ba, ga alama domin an ɗauka makanikai sun riga sun gama da su. A watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Saboda haka buƙatar littattafan sana'a cikin Hausa za ta ƙaru, kuma ya kamata a waiwayi tarihin waɗannan kalmomi kafin a soma tsara sababbi.

Yankin da aka zaɓa shi ne na Badagishiri, cikin gundumar Illela ta jihar Tawa, tare da Malbaza da Birnin Ƙwanni da ke kudu da shi. A nan kayan Faransa da na Ingila da na Japan suka haɗu a hannun makanike ɗaya. Abin da tarihin ya nuna shi ne, sunan ƙarfe yana saurin samun gurbi a bakin jama'a, ko daga wane harshe ya fito. Lambar da ke biye da sunan ita ce ke kawo rikici, kuma ita ce masu fassara suka fi yin sakaci da ita.

Domin sauƙin bayani, ƙarfen da ke shiga za a kira shi namiji, mai ramin da ake shiga a kira shi mace, tsagar da ta kewaye su kuwa a kira ta haƙora.

2. Kafin zuwan noti

Ƙira tsohuwar sana'a ce a Adar, kuma kalmominta na gida ne: uwar maƙera, masaba, awartaki, zugazugi. Amma hanyar haɗa abu da abu a wancan zamani ba ta buƙatar haƙora. Ruwan gatari ko na fartanya, ana gasa wutsiyarsa ne a soka cikin ƙota. Sirdi da akumari, ɗaure su ake yi da fata ko igiya. Inda ake son abu ya kafu, sai a buga ƙusa. Ke nan harshen yana da «ɗaure», da «kafa», da «soka», da «murɗa», amma bai haɗu da abin da ake ɗaurewa ta hanyar murɗawa, a kwance shi, a sake mayar da shi ba tare da ya lalace ba.

Wannan ya bar alama har yau. Bahaushe ya ari sunan ƙarfen, amma aikatau bai ara ba. Yana cewa a ɗaure noti, a kwance noti, a matse shi, kamar dai igiya ce. Har kalmar ta shiga azancin magana, inda akan ce notin kan wane ya kwance, ana nufin hankalinsa ya taɓu. Kalmar da ta kai ga haka ta zama ƴar gida, babu kwamitin da zai iya korar ta.

3. Hanya biyu, suna biyu

Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila su ne suka bar Ƙwanni da Adar a hannun Faransa, Sakkwato kuwa a hannun Ingila. Iyakar ta raba mulki, amma ba ta raba kasuwa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma daga can kekuna da kekunan ɗinki da fitilu na Ingila suka riƙa haurowa arewa. Adarawa masu zuwa cin rani su ma suka komo da kaya da sunayensu. Ta wannan hanya aka sami «noti», da «sufana», da «sukudireba», da «washa».

Hanya ta biyu ta gwamnati ce: garejin kwamandan, da ma'aikatar gyaran hanyoyi, da manyan motocin Berliet. Bayan samun mulkin kai ta ƙara faɗi. Masana'antar siminti ta Malbaza ta soma aiki a 1966, ta horar da makanikai da masu walda waɗanda harshen aikinsu Faransanci ne. A bakinsu «boulon» ya zama «bulon», «écrou» ya zama «ekuru», «vis» ya zama «bis», «clé» ya zama «kile», ko da yake lafazin yakan bambanta daga gareji zuwa gareji. Claude Gouffé ya yi nazarin yadda Hausar Nijar ke aron kalmomin Faransanci tun 1971, kuma ƙa'idojin da ake gani a nan su ne na ko'ina: ana raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, ana sauya sautin da harshen ba shi da shi.

Akwai bambanci ɗaya mai muhimmanci tsakanin rukunan biyu. «Noti» a bakin yawancin mutane ya haɗa namiji da mace, har da ƙaramin da ake murɗawa da sukudireba. Rukunin Faransanci kuwa ya raba su uku. Don haka makaniken Ƙwanni da ya iya duka biyu yakan yi amfani da «noti» in yana magana da manomi, ya koma «bulon» da «ekuru» in yana son ya bambance.

Abin da ba a ji a cikin sunayen shi ne, ƙarafan kansu ba sa shiga juna. Joseph Whitworth ya tsara haƙoran Ingila a 1841, da kusurwa mai digiri 55, ana aunawa da inci. Amurka ta bi tsarin William Sellers na 1864, mai digiri 60, shi ma da inci. Faransa da maƙwabtanta sun amince da tsarin milimita a taron Zurik na 1898. Sai bayan kafa hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, a 1947, aka kama hanyar haɗa kai a kan milimita. Ke nan notin keken Raleigh da na motar Peugeot suna iya amsa suna ɗaya a kasuwar Ƙwanni, amma ɗaya ba ya hawa kan namijin ɗayan.

Manoma sun shiga wannan lamari ne a shekarun 1970. A farkon waɗannan shekaru aka buɗe shirin raya karkara na Badagishiri da kuɗin asusun raya ƙasashe na Turai, aka riƙa ba da garmar shanu da amalanke bashi ta hannun ƙungiyoyin haɗin kai. A Tawa aka sami ma'aikatar ƙera kayan noma da gyaransu, ACREMA. Daga baya aka shimfiɗa filayen ban-ruwa na Ƙwanni da na Galmi. Mutumin da bai taɓa riƙe sufana ba ya wayi gari da amalanke wanda in noti ɗaya ya faɗi daga ƙafarsa, aikin rana ya tsaya, bashi kuwa yana nan.

4. Yadda Japan ta sami nata sunaye

Kafin a duba shigowar kayan Japan, ya kamata a san cewa Japanawa su ma aro suka yi, kuma tarihinsu ya yi kama da na Hausa ta fuskoki da dama.

A 1543 Turawan Fotugal suka sauka a tsibirin Tanegashima da bindigogi. Sarkin tsibirin ya sa maƙerinsa, Yaita Kinbe, ya ƙera irinsu. Littafin tarihi mai suna Teppoki, wanda aka rubuta a 1606, ya nuna cewa maƙeran sun iya ƙera bututun, amma toshe gindinsa ya gagare su, sai da wani jirgi ya zo a shekara ta gaba da maƙerin da ya koya musu. Abin da ya toshe gindin bindigar namiji ne mai haƙora, kuma yanka haƙoran mace a cikin bututu shi ne ya yi wuya. Sunan da suka ba abin, «neji», daga aikatau na gida ya fito, «nejiru», wato murɗa. Da Hausa ta bi wannan hanya, da yanzu ana cewa «murɗe» ko «mamurɗi».

Bayan 1868, da Japan ta buɗe ƙofa ga injunan Turai, sai aro ya yi yawa. Daga Ingilishi aka sami «boruto» da «natto». Daga Faransanci aka sami «bisu», wanda asalinsa ɗaya da «bis» na garejin Malbaza. Japananci, kamar Hausa, ba ya son baƙi biyu a jere, kuma ba ya son kalma ta ƙare da baƙi in ba «n» ba. Wani abin sha'awa ga masu nazarin sauti shi ne, a harsunan biyu «t» yakan koma «c» a gaban «i», kamar yadda «mota» ke zama «motoci». Hausa ta haƙura da wannan ƙa'ida a kalmar aro, ta ce «noti». Japananci kuwa ya kauce wa matsalar ta zaɓen wasalin «o», ya ce «natto».

Nan ma akwai darasi a kan rubutu. In aka ja wasalin ƙarshe na «natto», kalmar ta zama sunan wani abincin waken soya da ake ruɓarwa, ɗan'uwan daddawa. A rubutun Japanawa ba a rikita su, amma in an rubuta da baƙaƙen boko ba tare da alamar ja ba, noti da daddawa sun zama ɗaya. Nijar ta san irin wannan. Bayan taron Bamako na 1966 littattafan yaƙi da jahilci sun riƙa ninka wasali mai ja, har taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980 ya kai ga barin hakan. An sami haɗin kai da Nijeriya, amma an rasa hanyar nuna lafazin sabuwar kalmar aro ga wanda bai taɓa jin ta ba.

Ta fuskar ma'auni kuwa, Japan ta yi zama da tsari biyu shekaru da yawa, na Whitworth da na milimita. An kafa tsarin ma'aunin masana'antu na ƙasar, JIS, a 1949. A 1965 aka gyara haƙoran milimita don su dace da na ISO: tazarar haƙoran M3 ta tashi daga 0.6 zuwa 0.5, ta M4 daga 0.75 zuwa 0.7, ta M5 daga 0.9 zuwa 0.8, har aka riƙa sa ɗan ɗigo a kan sababbin don a gane su. A 1968 aka cire Whitworth daga JIS. Duk da haka magina na Japan ba su bar shi ba, kuma suna kiran girmansa da «bu». A asali «bu» tsohon ma'aunin Japan ne, milimita 3 da ɗan ɗori, sai aka ɗora sunan a kan kashi ɗaya cikin takwas na inci, domin sun yi kusa. «Sanbu», bu uku, yana nufin 3/8 na inci. «Yonbu», bu huɗu, rabin inci. Mai fassarar da ya duba ƙamus ya lissafa da tsohon ma'aunin zai fito da lambar da babu ƙarfen da ya dace da ita.

5. Sarƙar fassara

Kayan Japan sun soma yawa a wannan yanki daga shekarun 1970. Hukumomi da shirye-shiryen raya karkara suka koma ga Toyota Land Cruiser. Baburan Honda da Yamaha da Suzuki suka shigo ta Illela ta Nijeriya, wadda ke fuskantar Ƙwanni. Japan ta sa hannu a haƙar yuraniyom ta kamfanin OURD, wanda a da ya riƙe kashi 25 cikin ɗari na COMINAK, wadda aka kafa a 1974 aka rufe ma'adininta a 2021, kuma manyan motocin Arlit ta Badagishiri suke bi zuwa Tsarnawa. Abin da ya fi taɓa talaka shi ne ƙananan injunan ban-ruwa, irin su Honda da Robin, waɗanda masu noman albasa suka runguma daga shekarun 1980.

Babu wanda ya fassara littafin injin daga Japananci zuwa Hausa kai tsaye. Injiniya ya rubuta da Japananci, aka juya zuwa Ingilishi don kasuwar duniya, wani lokaci daga Ingilishin aka juya zuwa Faransanci, sannan malamin gona ko makanike ya bayyana wa mai injin da baki. A kowace gaɓa akwai inda ma'ana ke iya zamewa. Ga misalai:

(a) Macen da aka rufe bakinta ɗaya, Japananci yana kiranta «fukuro natto», noti mai jaka. Ingilishi yana ganin hula ce, ya ce «cap nut». Faransanci yana cewa «écrou borgne», mai ido ɗaya.

(b) Macen da ake murɗawa da yatsu, irin ta murfin matatar iska, «cho natto» ce, noti malam-buɗe-littafi. Ingilishi fiffike ya gani, Faransanci kuwa yana da suna biyu, mai kunnuwa da malam-buɗe-littafi.

(c) Ɗan namijin da ba shi da kai, makanikan Japan suna ce masa «imo neji», noti dankali. Ingilishin Ingila yana kiransa da sunan tsutsa, «grub screw». Ingilishin Amurka yana cewa «set screw», alhali a Ingila wannan sunan yana nufin namiji mai kai wanda haƙoransa suka kai har wuya.

(d) Ƴar wayar da ake sokawa don kada mace ta kwance, «waripin» ce, tsagaggen tsinke. A Amurka «cotter pin» ne, amma a Ingila wannan sunan na ƙarfen da ke riƙe hannun fedar keke ne, wanda Faransanci ke kira «clavette». In mai juyawa zuwa Faransanci bai san wane Ingilishi ke gabansa ba, sai ya aika mai saye ga abin da ba shi ba ne.

(e) Washa, a rubutun hukuma «zagane» ne, ƙarfen zama, amma a bakin makanike «wassha». Sufana mai zobe «megane renchi» ce, mai tabarau. Sukudireba kuwa an raba ta da alamun lissafi, «purasu» mai alamar tarawa, «mainasu» mai alamar ɗebewa.

Waɗannan misalai sun nuna cewa kowane harshe kama yake nema a cikin abin da ya saba gani, kuma fassarar kalma da kalma ba ta da amfani a nan. Ko tsakanin Turawa haka abin yake. Kalmar Ingilishi «screw», wadda ke nufin namiji, daga tsohon Faransanci «escroue» ta fito, wadda ita ce ta zama «écrou», mace. Jamusawa kuwa, waɗanda suka yi ayyuka da yawa a jihar Tawa, «Mutter» suke ce wa macen, wato uwa. Wuri ɗaya da harsunan suka haɗu shi ne kwatanta haƙoran waje da na ciki da jinsi: Japananci yana da «oneji» da «meneji», haka Faransanci, haka Ingilishi. Hausa ba za ta sha wahalar karɓar wannan ba.

Amma irin wannan saɓani yana da magani mai sauƙi. Mai saye yakan riƙo tsohon ƙarfen a hannu, ko ya nuna siffarsa, mai kanti ya gane. Daga cikin duk kalmomin Japananci da aka lissafa, babu wadda ta zauna a Hausa. Abin da ya zauna shi ne lambobin Japan.

6. Matsalar lamba

Littafin injiniya yana kiran noti da kaurin jikin namiji. M8 na nufin kauri milimita 8. In an ƙara lamba ta biyu, kamar M10 × 1.25, tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori ake nufi. Makanike kuwa abin da ke hannunsa shi ne sufana, saboda haka da lambar sufana yake kiran noti. In ya ce wa yaronsa ya miƙo sha biyu, faɗin kan notin yake nufi. Muddin kayan ƙasa ɗaya ake aiki da su, lambobin biyu suna tafiya tare, ana iya gane ɗaya daga ɗaya. Zuwan kayan Japan ya raba su.

A M6 babu saɓani, sufana 10 ce ke kama shi ko'ina. Daga nan hanya ta rabu. M8 na Turai yana son sufana 13, na motoci da baburan Japan yana son 12. M10 na Turai, a tsohon tsarin da ya fi yawa, 17 ne, na Japan 14. M12 na Turai 19 ne, na Japan 17. Daga baya ISO ta mai da M10 zuwa 16, M12 zuwa 18, ba tare da tsofaffin sun ɓace daga kasuwa ba. Motocin Faransa kuma suna da nasu M7, mai kai 11, wanda ba a cika samu a kayan wasu ba.

Ke nan «noti na sha bakwai» yana da ma'ana biyu. In daga garmar ƙirar Turai ya fito, kaurinsa 10 ne; in daga Toyota ya fito, 12 ne. Manomin da ya taso daga ƙauye zuwa kasuwar Alhamis ta Badagishiri da wannan lamba kaɗai a bakinsa yana iya komawa da abin da ba zai yi masa aiki ba. Wannan ma da sauƙi, tun da ido na iya ganin bambancin. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ido ba ya gani. M10 na gama-gari tazararsa 1.5 ce, na injunan Japan galibi 1.25. Mace ta farko takan hau namiji na biyu zagaye ɗaya ko biyu, sannan ta cije. In aka matsa da ƙarfi haƙoran sun tafi. In ramin a jikin injin ban-ruwa yake, wanda da sanholo aka zuba shi, to ba noti kaɗai aka rasa ba, kuma albasa ba ta jiran gyara.

Akwai kuma batun hagu da dama. Ƙa'idar da ake koya wa kowa ita ce, a murɗa dama don ɗaurewa. Amma fedar hagu ta kowane keke haƙoranta na hagu ne. Madubin dama na baburan Yamaha da yawa haka yake. Manyan motocin Japan na tsohon tsarin JIS, notin ƙafafunsu na ɓangaren hagu da hagu ake ɗaure su, har zuwa wajen 2010 da aka koma tsarin ISO a sababbin ƙira. Japananci yana da kalma takanas, «hidari neji», noti na hagu. Littafin Hausa da ya koyar da ƙa'idar bai faɗi togaciyarta ba ya koyar da karya ƙarfe.

Kada a zaci wannan matsala ta wuce da raguwar sababbin kayan Japan. Bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, musamman daga shekarun 2000, baburan Sin da injunanta suka cika kasuwa, su ne ƴan kabu-kabu ke hawa. Da yawansu an kwaikwayo su ne daga ƙirar Honda, irin su CG125 da ta fito a 1975, kuma sun gaji lambobinta: 8, 10, 12, 14, 17. A gefe guda inci bai mutu ba, domin da shi ake kiran ƙusa da bututu da bakin injin ban-ruwa. Yaron da ke koyon gyaran babur a Malbaza yau yana ƙirga da tsarin JIS, yana sayen bututu da ma'aunin Ingila, yana kiran sufanarsa da sunan Faransa.

7. Abin da wannan tarihi ke nuna wa masu tsara littattafai

Na farko, a bar sunayen da suka kafu. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun riga yawancin waɗannan kaya zuwa ƙauye, kuma aikin Hukumar Hausa da aka kafa a Arewacin Nijeriya a 1955 bai shafi rukunin Faransanci ba. Ƙaramin Ƙamus na Abdu Mijingini, na 1987, ya buɗe hanya ga Hausar Nijar, amma ƙamus ne na gama-gari. Abin da ya rage shi ne a shiga gareji da maƙera da rumfunan masu kayan gyara, daga Ƙwanni har Tawa, a rubuta abin da ake faɗi, da wanda ke faɗinsa, da ƙarfen da yake nufi. A littafin manya, «noti» ya isa ya zama uwar kalma, tun da ana jin sa a ɓangarorin iyaka biyu, a kawo «bulon» da «ekuru» kusa da shi a karon farko.

Na biyu, inda babu suna, a bi siffa da idon Bahaushe, kamar yadda Japanawa suka bi da nasu: noti mai kunne, noti mai hula, noti marar kai, noti na hagu. A gwada kowane suna a gaban masu sana'a kafin a buga shi. Wanda suka yi wa dariya a bar shi.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, kada a rubuta lamba ita kaɗai. Hausa tana buƙatar kalma uku tabbatattu, ɗaya ga kowane ma'auni: kai, wato lambar sufana, kauri, wato lambar da ke bin harafin M, da tazara, wato nisan haƙora. In littafi ya ce «kauri 10, tazara 1.25, kai 14», ya faɗi abin da injiniyan Japan ya rubuta, ya kuma faɗi abin da makaniken Badagishiri zai gane. Wannan yana nufin darasin lissafi na manya ya ƙunshi milimita da lamba mai ɗigo, domin wanda bai san bambancin 1.25 da 1.5 ba, rubutun ba zai amfane shi ba.

Na huɗu, mai fassara ya binciki sarƙar da takardar ta biyo. In Faransancin da ke gabansa daga Ingilishi aka juyo shi, ya nemi sanin na Ingila ne ko na Amurka. In akwai zane da lambar kaya, su ne abin dogaro, domin su kaɗai ne ba su bi ta bakin kowa ba.

8. Kammalawa

Cikin ƙasa da shekara ɗari, Hausar Adar da Ƙwanni ta karɓi sunayen noti daga harsuna biyu, ta karɓi ma'auni daga tsari uku, ba tare da wata hukuma ta shirya mata ba. Sunayen sun daidaita da kansu, kamar yadda «boruto» da «bisu» suka daidaita kusa da «neji» a Japan. Ma'auni kuwa ba ya daidaita da kansa. Japan sai da ta kafa doka a 1949, ta gyara ta a 1965 da 1968, kuma har yau «bu» bai bar bakin magina ba. Aikin da ke gaban cibiyoyin nazarin harshe da ma'aikatar yaƙi da jahilci shi ne su fitar da ɗan littafi mai zane, wanda kowane shafi ke ɗauke da hoton ƙarfe daidai girmansa, da sunayensa na gareji, da lambobinsa uku, yadda manomi zai ɗora tsohon notinsa a kan takarda ya karanta abin da zai nema a kasuwa.